Abin da Na Koya a Bakin Wutar Baba Ndagi

Azare,
Laraba da hantsi.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki da kowa, amin.

Na san za ki yi mamaki in kin buɗe jakarki a Fatakwal kin tarar da ambulan a cikin sallayarki. Za ki ce me ya hana Abba ya faɗa mini da baki, alhali gida ɗaya muke. Shekara talatin da ɗoriya na yi a gidan waya ina buga wa wasiƙun mutane hatimi, har hannuna ya fi bakina iya magana. Kuma abin da nake son faɗa miki, in na kalli fuskarki ba ya fitowa. Na gwada shekaranjiya, lokacin da kike ninke kaya a tsakar gida. Na tsaya a kanki, na yi gyaran murya, abin da ya fito kawai shi ne, "Kin sayi maganin sauro?"

Ba labari zan ba ki ba, labarin gidan nan kin fi ni saninsa. Yayyenki sun yi miki nasiha ta waya, Gwaggonki ta taso daga Bulkachuwa ta yi miki tata. Ni ba ni da wata hikima da ta wuce tasu. Abin da nake da shi kurakurai ne, su zan buɗe miki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kin tuna shekarar da Innarku ta rasu, ban daɗe da ajiye aiki ba, ke kuma kina jami'a a Maiduguri. An yi zaman makoki, gida ya cika har ba wurin shimfiɗa tabarma. Bayan sadakar arba'in kowa ya koma inda ya fito, kika koma makaranta, aka bar ni da ɗakuna huɗu da kajinta guda shida. A nan na yi kuskuren da ya kusa kashe ni a tsaye. Duk wanda ya ce, "Malam Habu, yaya haƙuri?" sai in ce, "Da godiya," in ƙara sauri. Na daina zama a majalisarmu ta inuwar bishiyar maina, don ba na son a riƙa kallona da idon tausayi. Malam Modu maƙwabcinmu ya buga mini ƙofa ya fi sau goma, kullum amsa ɗaya nake ba shi daga ciki: "Je ka, ina zuwa." Ban taɓa zuwa ba. Da ya gaji ya daina, sai na koma ina jin haushinsa, wai ya yi watsi da ni.

Akwai ranakun da tun daga asuba har isha'i ban furta wata kalma ba sai ta salla. Nakan kunna rediyo ba don in ji labarai ba, don dai in ji muryar ɗan Adam a gidan. Har gardama nakan yi da mai karanta labarai. In kin kira ni kin ce, "Abba, kana ina?" sai in ce yanzu na dawo daga majalisa. Ƙarya nake yi miki, Ummi. Ina zaune ne a ƙofar ɗakinta, ina kallon takalmanta da na kasa kawarwa.

Don haka ki ji ni da kyau. Za ki shiga garin da ba a jin harshenki, za ki dawo daga aikinki na asibiti ki rufe ƙofa, ɗaki ya yi miki tsit. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin da yake cutarwa shi ne ki ɓoye shi. In wata ta buga miki ƙofa ta ce zo mu ci abinci, ki tashi ki je ko ba kya jin yunwa. Mutane suna gajiya da buga ƙofar da ba a buɗewa, kuma ba laifinsu ba ne.

Abin da ya fitar da ni daga gida wata 'yar ƙwayar dutse ce. Da bazara ta shigo, Gwaggonki ta matsa mini in fito da kayan Innarku a raba. A ƙasan akwati na tarar da wani gwangwani, a ciki akwai dutsen wuyan nan shuɗi da ta gada wajen kakarku ta Gashuwa. Ina ɗaga shi zaren ya tsinke, don ya riga ya ruɓe, duwatsun suka watse a ɗaki. Na durƙusa ina tsincewa, ban ankara ba na ɗora gwiwa a kan ɗaya, ta fashe gida uku. Ban yi kuka a maƙabarta ba, ban yi a zaman makoki ba, amma ranar na zauna a ƙasa da gutsattsarin gilashi a tafin hannu na yi kuka kamar yaron da aka yaye.

Washegari na ƙulle su a hankici na tafi kasuwa neman irinta. Na zaga 'yan koli kaf, duk na roba ne. Wata Bayarabiya mai sayar da robobi, Iya Basira, ita ta dubi abin ta ce, "Baba, wannan ba na kanti ba ne, da hannu aka yi. Je ka bayan 'yan tukwane, akwai wani tsoho Banufe, shi kaɗai zai gane."

Ina leƙa rumfar na gane shi. Baba Ndagi ne, mutumin Bida. Shekaru da yawa yana zuwa gidan waya aika saƙo gida, kuma da yake bai yi boko ba, ni nake cika masa takarda. Amma kullum sai na sallami masu manyan riguna tukuna, shi in bar shi a ƙarshe, don rigarsa tana warin hayaƙi. Ban taɓa tambayarsa sana'arsa ba. Sunansa ma don ina rubutawa ne na riƙe. Yana ganina ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe mini kujerarsa.

Ya ce, "Malam Habu na gidan waya! Lale, lale. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya."

Na ce, "Amin. Ashe ka ji?"

Ya ce, "Ai na zo jana'iza. Ina sahun baya, ba za ka gan ni ba."

Ummi, na rasa inda zan sa fuskata. A wurin aikinki za ki haɗu da masu shara, da masu gadi, da marasa lafiya 'yan ƙauye da ba su iya cika takarda ba. Kada ki bar kowa a ƙarshen layi saboda rigarsa. Ki tambayi sunan mutum, ki riƙe shi, ki kira shi da shi gobe.

Baba Ndagi ya kwance hankicin, ya ɗaga gutsuren a rana, ya kai shi dab da idonsa. Ya ce daga tsohuwar kwalbar magani aka yi ta, irin ta da, wadda yanzu ba a cika gani ba, amma in an sami kwalbar za a iya yin wata. Na roƙe shi ya yi mini. Ya miƙo hannuwansa in gani, suna rawa.

Ya ce, "Ido ya tafi, hannu ya bi shi. Wutar nan ma don kada murhu ya yi sanyi nake hura ta. Amma kai kana da ido. Me kake yi da safe?"

Na ce, "Ba komai."

Ya ce, "To, wannan ba komai ɗin, ka kawo mini shi nan gobe."

Haka na fara. Mako guda cur bai bar ni na sa gilashi a wuta ba. Kwalabe nake wankewa, in kankare takardar jikinsu, in sa su cikin buhu in farfasa, sannan in zauna ina zuga wuta da zugazugi har kafaɗuna su yi tsami. Ni da aka saba ce wa ranka ya daɗe! Daga baya ya koya mini tsoma tsinken ƙarfe a ruwan yumɓu ya bushe, don kada gilashi ya manne masa. Ya nuna mini yadda ake riƙe gutsuren kwalba a wuta har ya yi ja, ya yi laushi yana ja kamar alewa, a naɗa shi a jikin tsinken ana juyawa. In ka daina juyawa ko na ƙiftawar ido ne, sai ya zube gefe ɗaya. In an gama, a binne cikin toka mai ɗumi, a bar shi sai gobe.

Wannan barin sai gobe shi ya fi ba ni wuya. Ranar da na yi ƙwayata ta farko, kore ce daga kwalbar lemo, Baba Ndagi ya tafi alwala, ni kuwa na kasa haƙuri. Na tone tokar na zaro ta don in gani. Iska tana taɓa ta na ji tas! Ta rabe biyu, rabi ya faɗo mini a tafin hannu. Tabon nan da kika sani, shi ne. Ya dawo ya tarar ina yarfe hannu, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wa ya aike ka?" Innarku ma ta sha faɗa mini cewa ni mutum ne mai buɗe tukunya kafin ta nuna. A sabon aiki za a fara ba ki abin da kike ganin kin fi ƙarfinsa, wanke kwalaben gwaji da rubuta sunaye. Ki yi shi da kyau, kada ki yi gaggawar nuna abin da kika sani. Wanda ya riga ki a wurin yana kallon hannunki ko bai ce komai ba.

Shuɗiyar kwalbar kuwa na neme ta har na gaji. Na bi masu sayen tsofaffin kaya, na je kasuwar Itas, na je har Sakwa wajen wani tsohon mai magani da aka kwatanta mini. Na samo shuɗaye iri-iri, amma ba wadda ta dace: wannan ta yi duhu, waccan ta yi haske. A ƙarshe na sake wa dutsen wuyan zare ba tare da ita ba, na ba Gwaggonki ta ajiye. Abin da ya kai ni rumfar ya ƙare ke nan. Amma washegari, bayan na karya kumallo, sai na ga ƙafafuna sun kama hanyar kasuwa da kansu.

A nan na gane wani abu da ban sani ba har na tsufa. Tunda nake, ban taɓa yin wani abu don daɗinsa kawai ba. Na yi karatu don jarrabawa, na yi aiki don albashi, na yi noma don rumbu. Da aka karɓe aikin, aka karɓe matar, sai na tarar ba abin da ya rage a hannuna. A bakin wutar nan kuwa, in gilashi ya fara narkewa, ba ka da damar tunanin komai sai shi. Awa biyu sai ta wuce ban tuna cewa ni kaɗai zan ci abincin rana ba. Ba na sayar da duwatsun da nake yi, kuma ba su da kyan da za a saya. Yawancinsu karkatattu ne. Amma in na tone toka da safe na ga ƙwaya ta fito lafiya, na wanke ta na ɗaga ta a rana, nakan ji wani farin ciki da na ɗauka an binne shi tare da Innarku. Ki nemi wani abu naki, Ummi, wanda ba na albashi ba kuma ba wanda zai ba ki maki a kansa. Ko saƙa, ko shuka a gwangwani, ko me ya kwanta miki. Ki fara tun kina da ƙuruciya, kada ki jira sai gida ya zama kango kamar yadda na jira.

Yanzu ga wanda ya fi mini nauyi a kan wannan bawan Allah.

Na fi wata takwas ina zuwa rumfarsa, amma a ɓoye. Nakan bi ta lungun 'yan tukwane don kada a gan ni. Da kika zo hutu kika tambaye ni tabon hannuna, na ce miki risho ne. Wata ranar kasuwa ina zaune a ƙasa, na naɗe hannun riga, fuskata duk baƙin gawayi, ina zuga wuta, sai na ji an ce, "Kai! Malam Habu? Kai ne a nan?" Na ɗaga kai na ga mutum biyu da muka yi aiki tare, sun sha shadda, sun zo sayen randa. Ɗayansu ya ce, "Me ya yi zafi haka? Ko fansho ne bai fito ba?" Suka yi dariya.

Na saki zugazugin kamar ya ƙone ni. Na miƙe ina kakkaɓe riga, na ce, "Haba dai! Takarda ce na zo cika wa tsohon nan, shi ne ya ce in ɗan riƙe masa."

Tsohon nan. Haka na ce, yana zaune kamu ɗaya daga ƙafata. Mutumin da kullum yake raba ƙosansa biyu ya tura mini rabi, wanda ya saurari labarin Innarku sau ba adadi bai taɓa nuna ya gaji ba. Suka gaishe shi sama-sama suka wuce. Ina tsaye na kasa zama. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Malam Habu, in ka gama cika takardar, wuta tana mutuwa."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ranar da kuma bayanta. Bai canza mini fuska ba, bai fasa raba ƙosai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kullum in na kama hanya sai in ce yau zan ba shi haƙuri, in na isa sai in ga ai ya wuce, tayar da maganar ma wani sabon ciwo ne. Haka na yi ta ɗagawa, yau gobe, yau gobe.

Da damina ta faɗi na je Bulkachuwa taya Gwaggonki shuka, na yi kwana tara. Na dawo na tarar da rumfar a rufe da kwado. Iya Basira ta hango ni ta taso da wani buhu a hannu. Ta ce jikin Baba ya tashi, ɗansa ya zo daga Bida ya tafi da shi. Ta ce, "Ya jira ka kwana biyu, yana ta cewa a ƙara masa yini ɗaya. Ɗan ya ce mota ba za ta jira ba. Ya ce in ba ka wannan." Na buɗe: zugazuginsa ne, da awartaki, da tsinkayen ƙarfe a ɗaure da tsumma.

Ta ba ni lambar ɗan, na kira a nan tsaye. Ya ce Baba ba ya iya riƙe waya, amma zai kara masa a kunne. Na ji numfashinsa, na ji ya ce, "Malam Habu." Ga dama Allah ya ba ni. Kin san abin da na ce? Na ce, "Baba, yaya ake yi launin ruwan ƙasa ya fito sosai, ba ya yin baƙi?" Ya yi 'yar dariya, ya ce in rage wuta, in daina barin hayaƙi yana taɓa shi. Na ce na gode, Allah ya ba da lafiya. Ya ce amin. Bayan kwana goma sha biyu ɗan ya kira ni ya ce an yi masa sutura.

Ina yi masa addu'a a kowace salla. Na san mutum ne mai yafiya, wataƙila ma ya yafe tun a ranar. Amma ban roƙa ba, kuma yanzu ba wanda zan roƙa. Kada ki taɓa jin kunyar wanda ya taimake ki don wasu masu tsabtar riga suna kallo. In kuwa kin yi wa mutum laifi, ki ba shi haƙuri a ranar, da bakinki, da kalmar kanta. Kada ki ce ai ya gane. Kada ki ce sai an sami lokacin da ya dace. Ni na jira lokacin da ya dace.

Bayan rasuwarsa ne na gina murhun nan a bayan gida, a fili, inda duk mai wucewa zai ga hayaƙi. Na je da kaina na buga wa Malam Modu ƙofa na ce ya zo ya gani. Yanzu yakan zo ya zauna yana kushe mini aiki, wai duwatsuna kamar kashin awaki. Ina jin daɗin kushen.

Saura ke.

Ban sani ba ko kina tunawa, amma na fi zaton kina tunawa. Kina 'yar shekara goma sha biyu, kina da wani kwanon sha da kike tara tarkace a ciki: 'ya'yan tsamiya da kika huda da ƙusa, da maɓallai, da guntayen duwatsun da kike tsinta in an share gidan biki. Kina jera su a zare ki yi abin wuya da abin hannu, ki rataya wa ƙawayenki. Ranar da aka ba da sakamakon jarrabawa kin sauko daga ta uku zuwa ta goma sha ɗaya. Na dawo daga aiki da takardar a aljihu, raina a ɓace, kika tare ni a zaure da gudu, kina riƙe da wani abu a bayanki. Kika ce, "Abba, rufe idonka." Ban rufe ba. Na fizge shi, na ga carbi ne kika yi mini da 'ya'yan tsamiya. Na ce, "Wannan shirmen ne ya hana ki karatu?" Na shiga ɗaki na ɗauko kwanon, na haɗa da carbin na juye su a kwata, na kora da ruwan buta.

Ba ki yi kuka ba. Kin tsaya kina kallon kwatar, sannan kika ce, "To, Abba," kika shiga ɗaki. Innarku tana bakin murhu, ta jira har kika wuce. Sannan ta ce, "Malam, kwana huɗu tana huda su, duba yatsunta. Sai da ta ƙirga talatin da uku sau uku don kada ta yi maka kuskure." Na ce gobe ma ta ƙara. Zangon da ya biyo kika zo ta ɗaya, na yi ta bugun ƙirji a majalisa cewa horona ne ya yi aiki. Ban lura ba cewa daga ranar ba ki sake tarata a zaure ba. Kin zama yarinya mai ladabi, mai "to, Abba," mai kawo sakamako mai kyau ta ajiye a kan tebur ta fita. Ni kuwa na ɗauka nasara ce.

Sai watan jiya na ga abin da na yi. Ina bakin wuta, na ɗaga kai na gan ki tsaye a jikin katanga da tsintsiya a hannu, kin manta da sharar, idonki yana kan gilashin da nake juyawa. Fuskarki ta koma irin ta waccan yarinyar sak. Na ce, "Zo ki gwada mana." Sai kika yi firgigit, kika ce, "A'a, Abba, ni ba na son irin waɗannan abubuwan," kika ci gaba da shara. Na san wanda ya koya miki rashin son su. Na zauna tsinke a hannu har gilashin ya zube cikin garwashi. Wato ni, da furfurata, na ba kaina izinin yin abin da na kira shirme a hannunki, ban ko nemi afuwarki ba.

Ummi, na zalunce ki. Ba horo ba ne, fushi ne da son a ce 'yar Malam Habu ta fi 'yar kowa. Kin kawo mini kyauta na zuba ta a kwata. Ki yafe mini don Allah. Ba na cewa dole ki yafe yau, kuma ba sai kin ba ni amsa ba in bakinki ya yi nauyi, don na san inda kika gado nauyin. Ina so dai ya zama na faɗa tun ina da rai, kina da kunnen ji.

A cikin ambulan ɗin za ki ga wani ɗan ƙulli. Duwatsu ne da na zaɓa cikin waɗanda suka fi dama-dama, kore da ruwan ƙasa da fari, da zare mai ƙarfi da allura. Ban jera su ba, da gangan. Ke kika fi ni ido a wannan, tun kina ƙarama. In wata Lahadi ɗaki ya yi miki faɗi, ki zazzage su a faranti ki ga abin da hannunki zai ce. In kuma ba kya so, ki bar su a ƙulle, ko ki ba 'ya'yan maƙwabta. Ba biyan abin da na zubar ba ne, wancan ba ya biyuwa.

Sauran kuwa kin sani. Ki riƙe salla a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ki koyi gaisuwar mutanen garin da harshensu, ko kalma biyu ce, za ki ga yadda fuska take sakewa. Kada ki riƙa wuni da shayi kawai kamar yadda kike yi lokacin jarrabawa. Ki riƙa kiran Gwaggonki, don ita ba za ta kira ba, sai dai ta zauna tana ƙorafi. In abu ya dame ki a wurin aiki kada ki haɗiye, ki sami babba mai hankali ki gaya masa. In kuma kin ga garin ya gagare ki, ki dawo, ba wanda zai ce kin kasa. Ɗakinki yana nan, ba zan zuba kwalabe a ciki ba.

Gobe in Allah ya kai mu zan raka ki tasha. Lokacin da za ki karanta wannan, kin riga kin ga yadda na yi. Na san halina: zan tsaya ina yi wa direba faɗa a kan yadda ya ɗaure kaya, in ce miki ki kula da jakarki, sannan in juya in tafi tun mota ba ta tashi ba. In haka ta faru, kada ki ce Abba ko tsayawa bai yi ba. Ban tafi ba. Ina bayan rumfar mai shayi, inda ba za ki gan ni ba, kuma ba zan bar wurin ba sai motarku ta sha kwana.

Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da duniya lafiya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga mugun ji da mugun gani, ya ba ki abokan zama masu tsoronsa. Allah ya jiƙan Innarku, ya jiƙan Baba Ndagi, ya sa in ya ƙaddara mu sake ganawa, mu gana cikin alheri. Na ba Allah ajiyarki, shi da ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Habu.